Pano da batir: wane regilater za ku saya?

 Darasinmu na yau lissafi ne, amma lissafin da ke tsare kuɗin aljihu. Ku ɗauko alƙalami da takarda ku matso kusa.

Kun san pano, wannan faifan gilashi da ake shanyawa a rana ya ba da kuran. Kun san batir. To, tsakaninsu akwai wani ɗan akwati, ana ce masa regilater. Shi ne mutane suka fi rainawa. Mutum zai yi kwana uku yana cinikin pano. Zai ɗaga batir ya ji nauyinsa. In aka zo kan regilater sai ya ce wa mai kanti: "Ba ni wanda ya fi araha." Bayan ƴan watanni batir ya kumbura, ko akwatin ya narke, wani lokaci ma waya ta kama wuta. Kuɗin gero buhu da yawa sun tafi, saboda an ƙi yin lissafin minti biyar.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata irin mota mai ɗaki a ciki, da gado, da wurin dahuwa, da ɗan firigo. Mai ita yana yawo, inda dare ya yi masa nan zai kwana. Kuran na gari ba ya binsa. Abin da ya dogara da shi pano biyu ne ko uku bisa rufin mota, da batir a ƙarƙashin gado. Mu ce mata motar kwana. Da ita za mu yi misali, don haɗinta ƙarami ne, kowa na iya ƙidaya shi. Kuma irin haɗin nan ne direban kamiyo mai kwana a hanya yake yi. Shi ne mai cajin salula da ke bin kasuwannin ƙauye yake yi. Shi ne makiyayi yake azawa bisa amalanke. Lissafin ɗaya ne.

Aiki da rana ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Marigayi Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin binciken ƙarfin rana tun daga 1969. A 2018 an buɗe tashar kuran ta rana a Malbaza. Rana dai Allah ya ba mu. Saura mu iya auna ta.

Mene ne aikin regilater?

Ku ɗauka batir randa ce. Pano kuma famfo ne wanda bai san rufe kansa ba. Muddin rana na sama, yana zuba. Pano da ake ce wa na bolt 12, a gaskiya bolt 18 yake bayarwa. Batir kuwa in ya kai bolt 14 da ɗan ƙari, ya cika. In aka ci gaba da ɗura masa, ruwan cikinsa zai tafasa ya ƙafe, ƙarafan ciki su lalace. Regilater shi ne yaron da aka zaunar bakin famfo. In randa ta kusa cika ya rage. In ta cika ya tsaida. Da dare yana hana kuran komawa baya cikin pano. In batir ya yi ƙasa ƙwarai, yana kashe ampul kafin a tatse shi ƙarƙaf.

Amma yaron nan ƙarfinsa na da iyaka. Aikinmu yau mu san iyakar.

Kalmomi uku za ku riƙe. Bolt, ana rubuta shi da harafin V. Shi ne ƙarfin turawa, kamar tsawon shato: in shato ya yi tsawo, ruwa na fitowa da ƙarfi. Amper, ana rubuta shi da A. Shi ne yawan ruwan da ke gudu cikin tiyo. Wat, ana rubuta shi da W. In kun ninka bolt da amper, wat ke nan. Bolt 18 sau amper 5 da rabi, ya ba da 99. Kun ga pano mai wat 100 ke nan.

Yanzu ku juya bayan pano. Akwai ƴar takarda liƙe a wurin. Yau karatunku zai yi muku rana. A bayan pano mai wat 100 za ku ga abu kamar haka:

Pmax 100 W
Vmp 18 V
Imp 5,5 A
Voc 22 V
Isc 6 A

Lambobin naku za su iya bambanta kaɗan. Naku za ku kwafa, ba nawa ba. Inda kuka ga 5,5 ku karanta biyar da rabi. Pmax shi ne wat. Vmp da Imp su ne bolt da amper lokacin da pano ke cikin aiki. Voc shi ne bolt mafi yawa da pano zai kai, lokacin da ba a jan komi daga gare shi. Isc shi ne amper mafi yawa da zai iya fitarwa. Waɗannan biyu na ƙarshe, Voc da Isc, ku ja musu layi. Ba a auna gada da jakin da ba ya ɗauke da kaya. Da kaya mafi nauyi ake auna ta.

In pano ya wuce ɗaya, haɗi iri biyu ne. Akwai wanda masu gyara ke ce wa paralel. Jar waya da jar waya, baƙa da baƙa, kamar ƴan gayya kafaɗa da kafaɗa a gona. A nan amper ke taruwa, bolt na nan yadda yake. Akwai kuma seri. Jar wayar wannan ta shiga baƙar wayar wancan, kamar raƙuman ayari, ɗaya na bin ɗaya. A nan bolt ke taruwa, amper na nan yadda yake. Pano biyu irin na sama a paralel: bolt 22, amper 12. A seri: bolt 44, amper 6. Ku sake karanta wannan wuri sau biyu, don duk sauran lissafin a kansa yake tsaye.

Regilater iri biyu ne

A jikin akwatin za ku ga haruffa uku, PWM, ko haruffa huɗu, MPPT. Kada sunan ya ba ku tsoro. Gane haruffan kawai ake so.

PWM mai tsaron ƙofa ne. Yana buɗewa, yana rufewa, shi ke nan. Amper ɗin da pano ya ba shi, shi zai miƙa wa batir. Bolt ɗin da ya yi rara, asara ne. Yana da araha, kuma ga ƙaramin haɗi ya isa.

MPPT ɗan canji ne. Ka ba shi jikka guda, ya ba ka dala ashirin-ashirin guda goma. Kuɗin ba su ƙaru ba, amma sun zama irin da za ka iya kashewa. Haka yake karɓar bolt mai yawa ya mai da shi amper. Yana da tsada, ninkin PWM sau da yawa. Lissafinsu kuma ba ɗaya ba ne. Nan ne mutane da yawa ke ɓata.

Mu fara da PWM. Mai motar kwana na da pano biyu masu wat 100, da batir na bolt 12. Ya haɗa su paralel. Ku tara Isc:

6 + 6 = 12

Yanzu ku ƙara rubu'i, wato kashi ɗaya cikin huɗu. Rubu'in 12 shi ne 3.

12 + 3 = 15

Regilater da ake samu a kasuwa yawanci na amper 10 ne, da 20, da 30, da 40, har 60. Na 10 ya yi kaɗan. Sai ya ɗauki na 20. Kullum sama ake hawa, ba a sauka ƙasa.

Wani zai ce, malam, rubu'in nan na mene ne? Dalili biyu. Na ɗaya, lambar bayan pano an auna ta da wani haske da aka ƙayyade. Akwai lokacin da rana ke wuce wannan, musamman in ta ɓullo daga gefen farin gajimare bayan ruwa ya wanke gilashi. Na biyu, abin da ke aiki bakin ƙarfinsa tun hantsi har la'asar, cikin zafin watan Afrilu, ba ya daɗewa. Rubu'in nan shi ne wurin numfashinsa.

In bayan shekara mutumin nan ya ƙara pano na uku fa? Isc ya zama 18. Rubu'insa 4 da rabi. Jimla 22 da rabi. Na amper 20 ya kasa ke nan, sai na 30. Saboda haka in kun san za ku ƙara pano gaba, ku sayi na 30 tun yau. Kuma ku ji da kyau: babban regilater ba ya cutar da batir. Regilater ba ya haifar da kuran. In kun haɗa na amper 30 da pano ɗaya mai amper 6, amper 6 ne zai wuce. Aljihu kaɗai yake taɓawa. Ƙarami shi ne mai haɗari.

Ga wani tarko da ya cika kasuwanninmu yanzu. Manyan pano sun yi araha. Mutum ya ga mai wat 300, ya ce gara babba ɗaya da ƙanana uku. Ya saya, ya haɗa da PWM da batir na bolt 12. Ku duba bayan irin wannan pano. Vmp wajen 32 ne, Imp kuwa amper 9 da ɗan ƙari. Mun ce PWM amper kaɗai yake miƙawa. Batir na wajen bolt 14. To, 14 sau 9 nawa ne? 126. Ya biya kuɗin wat 300, yana shan ƙasa da rabi. Ba abin da ya ƙone, ba hayaƙi, ba ƙara. Shi ya sa mai shi ba ya ganewa. Sai dai ya riƙa cewa an sayar masa da pano na jabu, alhali pano lafiyarsa lau. Dokar ita ce: PWM da batir na bolt 12 suna son pano mai Vmp 17 ko 18. In Vmp ya kai 30 ko fiye, MPPT ake nema.

Lissafin MPPT

A nan ba Isc za ku tara ba. Ku tuna ɗan canji ne: amper ɗin da ke fita ya fi wanda ya shiga. Saboda haka wat za ku tara, ku raba da bolt na batir.

Pano mai wat 300, batir na bolt 12:

300 ÷ 12 = 25

Sai ku ɗauki na amper 30. Pano biyu masu wat 100, wato wat 200, a raba da 12, ya ba da 16 da ɗan ƙari. Na amper 20 ke nan. Wat 400 a raba da 12, ya ba da 33 da ɗan ƙari. Na amper 40.

Ku lura da wata dabara. In kun haɗa batir biyu a seri, sun zama bolt 24. Wat 400 ɗin nan a raba da 24, bai kai 17 ba. Regilater na amper 20 ya isa, waya ma ba sai mai kauri sosai ba. Manyan kamiyo dama da bolt 24 suke aiki. Sai dai ampul da firigo su ma dole su zama na 24. Kuma pano ɗaya mai bolt 18 ba zai cika batir na 24 ba. Ruwa ba ya hawa tudu. Sai an haɗa biyu a seri.

Wannan rabin lissafin MPPT ne. Ɗaya rabin ya fi shi muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa.

Kowane MPPT na da iyakar bolt da zai karɓa daga pano. Ana rubuta ta a jikinsa: 75, ko 100, ko 150. Wasu kamfanoni na rubuta lamba biyu tare, kamar 100/30. Ma'ana, bolt 100 daga pano, amper 30 zuwa batir. In wat ɗin pano ya ɗan wuce lissafi, MPPT na gaske yana tsayawa kan amper ɗinsa, ya bar saura. Ba ya mutuwa. Amma in bolt ya wuce iyaka, ko sau ɗaya ne, yana iya ƙonewa nan take. Gyara kuwa da wuya.

To, ku tara Voc na pano ɗin da ke seri. Ba Vmp ba, Voc. Sa'an nan ku ƙara kashi ɗaya cikin goma. Wannan ƙari na sanyi ne.

Na san za ku yi mamaki. Mutane na zaton pano zafi yake so. A'a, haske yake so. Zafi rage masa ƙarfi yake yi. An auna lambobin bayansa yana kan digiri 25. Da tsakar rana a bazara gilashin na iya wuce digiri 60, a lokacin yana asarar wajen kashi 15 cikin ɗari na wat ɗinsa. In ya yi sanyi kuwa, bolt hawa yake yi, kamar kashi 3 cikin ɗari ga kowane digiri 10. Wane lokaci ne pano ke da sanyi kuma ga haske? Da sassafe, a watan Disamba da Janairu, rana ta fito, gilashi bai ɗumama ba tukuna. A lokacin da kuke jin ɗari kuna neman wuta, a lokacin ne bolt ke kan ƙololuwa.

Ga misali. Manyan pano na yanzu, masu wat 500 da wani abu, Voc nasu wajen 49 ne. Mutum ya haɗa biyu a seri:

49 + 49 = 98

Ya duba regilater, iyaka 100. Ya ce madalla, saura biyu. Ya yi bazara lafiya, ya yi damana lafiya. Ran da hunturu ya sauka, asuba ta kai digiri 10, bolt ya hau zuwa wajen 102. Regilater ya mutu da safe, ba wanda ya taɓa shi. Da ya ƙara kashi ɗaya cikin goma, da ya ga 108, ya san mai iyaka 150 ne nasa, ko kuwa ya haɗa su paralel.

Mai mota ya fi kowa bukatar wannan. Gida na wuri ɗaya, mota kuwa tafiya take yi. Wanda ya yi haɗinsa a Maraɗi ko Ƙonni, gobe yana iya kwana a hanyar Agadas. A duwatsun Abzin da wajen Bilma sanyin asuba yakan kusa digiri sifiri. Ku yi lissafi da wurin da ya fi sanyi cikin tafiyarku, ba da garin da kuka sayi kayan ba.

Sai batir. Shi ma yana da cikinsa. A jikinsa an rubuta Ah, misali 100 Ah. Batir mai ruwa ko na jel mai 100 Ah, abin da yake so amper 10 zuwa 20 ne. In kuna da pano da zai tura amper 30 ko 40, batir ɗaya bai isa ba, sai ku ƙara. Batir na litiyom ya fi ɗaukar caji da sauri, amma sai regilater ɗin ya san shi. Ku tambaya kafin ku biya, kuma a saita akwatin kan irin batir ɗinku. Mai mota kuma kada ya yi amfani da batir ɗin tada inji. Ya sa na ɗaki daban. In ba haka ba, wata safiya cikin daji zai murɗa makulli ya ji shiru.

Wata magana, ko da ba za ta yi wa wasu masu kanti daɗi ba. Ba duk akwatin da aka rubuta wa MPPT ba ne MPPT. Rubutu ba shi da tsada. Na gaske yana da naɗin jan ƙarfe a ciki, da ƙarfen shan iska a baya, saboda haka yana da nauyi a hannu. In kun ɗaga kun ji shi sakayau kamar kwalin ashana, kuɗinsa kuma daidai da na PWM, to PWM ne ya sa babbar riga. Ku yi masa lissafin PWM, ko ku aje shi.

In kun kawo gida

Batir ake fara haɗawa da regilater, sa'an nan pano. In za a kwance, pano ake fara cirewa. Dalili, daga batir ne akwatin ke gane ko 12 ne ko 24. Jar waya wurin alamar +, baƙa wurin alamar −. Ku sa fizibil a jar waya, dab da batir: na amper 25 ga regilater na 20, na 40 ga regilater na 30. Waya tsakanin regilater da batir ta zama gajera, mai kauri. Ga amper 20, mai lamba 4 ko 6. Ga amper 30, mai lamba 6 ko 10. Siririyar wayar ampul ba ta wannan aiki, zafi za ta yi.

Ku kafa shi a tsaye, cikin inuwa, inda iska ke ratsawa. Kusa da batir, amma ba bisa kansa ba, don tururin batir mai ruwa na cin ƙarfe, kuma yana kama wuta. Mota a rufe cikin rana tanda ce, kada a cusa shi ƙarƙashin tsummoki. Girgizar hanya na kwance noti, noti mai sako-sako kuwa zafi yake yi. Ku riƙa ɗaurewa lokaci-lokaci. Kombatiser, mai ba da kuran na bolt 220, kai tsaye ake haɗa shi da batir, da nasa fizibil. Kada a sa shi a ramukan regilater masu hoton ampul. Jansa ya fi ƙarfinsu.

Ga aikin gida. Wani mai motar kwana na da pano uku. Kowane an rubuta masa Pmax 150 W, Voc 22 V, Isc 9 A. Batir nasa na bolt 12 ne. In ya haɗa su paralel da PWM, na amper nawa zai saya? In ya haɗa su seri da MPPT, na amper nawa zai saya, kuma iyakar bolt 75 ta ishe shi? Ku rubuta lissafin layi-layi yadda muka yi, ku kai wa malamin ajinku ya duba. Wanda ke da pano a gida, ya kwafo lambobin bayansa ya zo da su aji. Sai mako mai zuwa.